Wadda Ta Zana Ginshiƙi

A Brownsville, wata unguwa a Brooklyn ta Amurka, aka haifi Mirel Tarnopol, a saman wani dogon gidan haya da ke bayan titin Pitkin, inda warin kabeji da na kananzir ba sa barin matakala. Ubanta Hirsh gugar kwat yake yi a wani shagon ɗinki, tururin guga ya cinye masa huhu tun ba ta gama firamare ba. Ya bar su su uku: ita, da yayanta Zalman, da uwarsu Basha, wadda ta zo daga wani ƙaramin garin Yahudawa a Poland da bargo ɗaya da mazaunin kyandir na tagulla, kuma har ta koma ga Allah Turancinta bai wuce na cinikin kifi ba.

Yaran nan biyu da zane suka tashi. Takardar da mahauci ke naɗe nama a ciki ita ce allonsu. Mama ta goge ta, ta shanya a jikin taga, su kuma su raba ta biyu. Zalman ya iya fuska, ya iya ƙirji da kafaɗa, ya iya mutum yana dirowa daga rufin gida. Hannu ne ya gagare shi. Duk wanda ya zana, ko ya dunƙule hannu ko ya cusa shi a aljihu. Mirel kuwa hannun ne abincinta, don ta girma tana kallon yatsun uwarta cikin ƙullin burodi da kan allura.

"Mirele, zo ki sa wa wannan bawan Allah yatsu," Zalman zai ce. "Ya gaji da yawo da dungu."

Da ya gama sakandare ya ɗauki zanensa ya bi manyan ofisoshin talla na Manhattan. Ko'ina sai a yaba aikin, a dubi sunan Bayahuden da ke ƙasa, a ce ai jiya-jiyan nan aka ɗauki wani. A ƙarshe ya faɗa wani ɗaki a saman shagon sayar da maɓalli, inda samari ke zaune kafaɗa da kafaɗa suna zana littattafan yara masu arha, irin waɗanda ake ba da labari a zane, gida bayan gida, jarumi ya doke mugu a shafin ƙarshe. Kusan duk samarin 'ya'yan teloli ne da masu tura amalanke, kuma kusan duk sun aske sunayensu. Mai kula da su, Mista Hale, shi ma Halpern ne a gidansu, layi kaɗan tsakaninsa da su Mirel.

A nan Zalman ya ƙirƙiro Ginshiƙi. Da rana wani akawu ne mai jin kunya, John Ward, wanda ba ya iya haɗa ido da mace. Amma da zarar gada ta fara tsagewa ko rufin makaranta ya fara rizgowa, sai ya rufe fuska, ya yafa alkyabba, ya shiga ƙarƙashi ya tare da kafaɗa har kowa ya fita. Mirel a lokacin tana ɗinkin huluna a wani kamfani. Ran Lahadi sai su share teburin kicin, shi ya zana mutanen da fensir, ita ta bi da tawada, ta sa gidaje da gajimare da hannaye.

Ranar da littafin farko ya fito, Zalman ya ajiye shi kusa da kwanon Mama. Ta goge hannu, ta ɗaga shi nesa da ido, ta sa Mirel ta karanta mata sunan da ke bango.

"Wane ne kuma Sam Turner?"

"Ni ne, Mama."

"Kai ne. To Zalman fa, ina ya shiga?"

"Ga shi nan zaune yana jiran a zuba masa miya."

Ta buɗe shafi, ta daɗe tana kallon ƙaton da ya tare gada. "Wannan ɗan gidan wa ne?"

"Maraya ne."

"Allah sarki. Wa ke dafa masa?"

"Ba ya cin abinci a cikin labarin, Mama."

"Shi ya sa yake ta fushi. Namu ne?"

"Ba'amurke ne."

"Ban tambaye ka inda yake zaune ba."

Zalman ya yi dariya ya ce ta dubi hancinsa mana. Mirel ba ta yi dariya ba. Ta san a zanen farko Ginshiƙi da hancin babansu ya fito, da baƙin gashi mai nannaɗe. Mista Hale ne ya ɗora yatsa a kai ya ce yaran Ohio da Kansas ne za su sayi littafin, a miƙe hancin nan, a kwantar da gashin. Ita da hannunta ta shafe shi da farin fenti.

Littafin ya karɓu. Mirel ta bar huluna. Yara suka riƙa ɗaura tawul a wuya suna tare ƙofar gareji da kafaɗa. Da yaƙi ya ɓarke a Turai, Ginshiƙi ya koma tare jiragen ruwa da kifar da tankokin Jamus, kuma Zalman ya fi jin daɗin waɗannan shafuka fiye da kowane, don tun da Jamus ta shiga Poland ba a sake jin ɗuriyar dangin Mama ba. Sai aka kira shi soja. Kafin ya tafi ya kai ta gaban Mista Hale.

"Ƙanwata za ta riƙa kawo aikin. Zan riƙa aiko mata daga can."

Mista Hale ya dube shi, ya dube ta, ya dubi yatsunta da tawada ta rine. Duk su ukun sun san ba abin da za a aiko daga can.

"Ni dai in ga shafi a kan teburina a kan lokaci," ya ce. "Wanda ya zana shi, Sam Turner ne."

Haka Mirel ta zama Sam Turner. Da farko kwaikwayon yayanta take yi, layi bayan layi, tana tsoron a gane. Daga baya hannunta ya saki. Ginshiƙinta ya rage naushi, ya ƙara ɗaukar nauyi. Takan ɓata rabin shafi a kan mutanen da ke ƙarƙashin rufin: tsohuwa da ta rungume kyanwa, direban tasi da ya cire hula, yatsun wata uwa a kan wuyan ɗanta. Samarin ofis da suka rage, masu ciwon ido da masu gurguwar ƙafa, sun sani, amma ba wanda ya furta. In ta shigo sai hira ta tsaya, a ɓoye ƙazamar magana, a ce mata sannu da zuwa, a tambayi lafiyar Sam. Ba a taɓa cewa ta zo a je cin abincin rana tare ba. Ta ajiye shafukan, ta hau jirgin ƙasa ta koma Brooklyn.

An kashe Zalman a Italiya, a wani kwari da Mirel ta kasa furta sunansa. Suka rufe madubai, suka zauna a ƙananan kujeru kwana bakwai kamar yadda ake yi. A rana ta uku sai ga Mista Hale, da baƙar hula. Mirel ba ta taɓa ganin kansa a rufe ba. Ya durƙusa gaban Mama ya yi mata ta'aziyya da Yidish tsantsa, harshen Yahudawan can gida, irin na tsofaffi, ya shiga sahun maza ya yi addu'a ba tare da ya kalli littafi ba. Da zai tafi ta raka shi bakin matakala.

"Yarinya, ban san yadda zan faɗa miki ba," ya ce, yana juya hular a hannu. "Yara suna rubuto wa Sam Turner kullum. Ba zan iya ce musu ya mutu ba. Kuma ba na so in ba wani aikin."

"Zalman ne ya mutu," ta ce.

"Na sani."

"Sati mai zuwa za ka ga shafi."

Ta cika alkawari. Ta daɗe tana tambayar kanta ko abin da ta yi daidai ne. Wani lokaci sai ta ji kamar tana raya shi ne, wani lokaci kamar ta sa rigar mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ba ta da wanda za ta tambaya. Mama ta daina kallon littattafan, in ta zo share teburin sai ta kewaye su da tsumma.

Bayan yaƙi labari ya fara isowa, a bakin waɗanda suka tsira. Daga garin su Mama ba wanda ya rage. Akwai wani hoto a kan kabad, na bikin wata ƙanwarta, mutane sun cika shi har gefe. Mirel ta sauke hoton ta jingina shi da kwalbar tawada, ta zana labarin da ba wanda ya sa ta. Ginshiƙi ya isa wani sansani irin waɗanda Jamusawa suka tsare Yahudawa a ciki, ya ɗaga shingen waya da kafaɗa, mutane suna fita ta ƙarƙashinsa, kuma kowace fuska daga hoton nan ta ɗauko ta. A shafin ƙarshe yana ɗauke da wani tsoho mai gemu kamar jariri.

Mista Hale ya karanta a tsaye, sannan ya zauna. Ya daɗe a kan shafin ƙarshe.

"Wannan wane ne?"

"Kawuna Mendel."

"Kamar an tsaga kara da kakana." Ya tattara shafukan ya daidaita gefensu, ya miƙa mata. "An gama yaƙi, Mis Tarnopol. Yara 'yan fashin banki suke so, da dodanni daga wata duniya. Iyayensu kuma ba sa son ganin wannan a ɗakin yara. In na buga, za a ce ga su nan, sun fara cusa kukansu har a littafin yara."

"Su wa?"

"Mu," ya ce a hankali. "Ki kawo mini dodo ran Litinin."

Ta kawo masa dodo.

A shekarun nan ne ta san Ozer Frydland. Mai gyaran agogo ne, yana da ɗan tebur a lungun shagon wani mai gyaran takalmi a titinsu. Daga sansani ya fito, matarsa da 'yarsa ba su fito ba. Ko a tsakiyar zafi ba ya naɗe hannun riga, don kada a ga lambar da aka zana masa a fata a can. Agogon Zalman ta kai masa, ya gyara, ya ƙi karɓar komai, ya ce agogon soja ba a yi masa ciniki. Daga nan ya fara zuwa shan shayi ran Asabar da yamma. Yakan sa ƙwayar sukari tsakanin haƙora ya kurɓi shayin ta cikinta, irin na mutanen can, Mama kuwa sai ta zuba masa ido kamar ta ga ɗan garinsu. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma yana da ba'a a ƙasan harshe.

"Mis Mirel, an ce ke ce ke ciyar da ƙaton nan mai alkyabba."

"Shi ke ciyar da ni."

"To a gaishe shi. A ce masa akwai wata matakala a gidanmu da ke neman kafaɗa."

Sukan taka zuwa lambun unguwa, su zauna a benci, wani lokaci har su tashi ba su yi wata doguwar magana ba. Mirel ta lura da cewa a gefensa shiru ba ya mata nauyi. Wata rana ta ɗauko shafukan nan da aka ƙi bugawa, waɗanda ba ta nuna wa kowa ba tun daga ranar, ta ɗora masa a cinya. Ta ɗauka in akwai mai gane su a duniya, shi ne.

Ya sa tabarau ya duba su ɗaya bayan ɗaya, da natsuwar da yake duba cikin agogo. Da ya gama sai ya kife su.

"A garinmu akwai wani ɗan dako, Berl," ya ce. "Shi kaɗai yake ɗaukar ganga cike da kifi ya hau tudu da ita. In doki ya faɗa rami shi ake kira. Ranar da Jamusawa suka shigo suka tara mu a kasuwa, suka duba suka ga wa ya fi kowa girma. Shi suka fara harbewa, don sauran mu gane."

Mirel ta rasa inda za ta sa idonta.

"Ba laifinki ba ne," ya ce. "Hannayen daidai suke. Haka mutane suke riƙe juna, ban san yadda kika sani ba. Amma don Allah kada ki sake nuna mini."

Ta yi zaton ba zai dawo ba. Ya dawo Asabar ta gaba, da kek ɗin zuma a takarda. Da bazara ta shigo ya gaya mata cewa shi da wani abokinsa sun sami gonar kaji a Vineland, can New Jersey, inda irinsu da yawa suka koma. Ya ce idonsa ya fara gajiya da agogo, kuma yana son wurin da in ya buɗe taga ba zai ga bango ba. Akwai ɗaki na Mama, akwai ɗaki mai haske da za ta sa teburinta. Ya ce shi ba saurayi ba ne, ba zai iya mata daɗin baki ba, amma yana so ta zo a matsayin matarsa.

Mirel ta so. Ta kai wa Mama maganar tana wanke shinkafa.

"Ki tafi, Mirele. Mutumin kirki ne. Ni ina nan."

"Ina nan kamar yaya? Ya ce akwai ɗakinki."

"In wani daga gida ya tsira, wannan adireshin ya sani. Ya zo ya ƙwanƙwasa ya tarar da baƙi?"

"Mama, shekara nawa yanzu."

"Ana samun mutane a Rasha. Ana samu a Ajantina. Matar mahauci ta ga ƙanenta bara."

Ba ta motsa daga nan ba, kuma Mirel ta san ba za ta motsa ba. Ƙafafun Mama sun kumbura, ba ta iya sauka matakala sai da taimako. Mirel ta roƙi Ozer ya ba ta lokaci. Ya ba ta har kaka ta wuce. Sannan ya zo ya tsaya a ƙofa bai zauna ba.

"Mis Mirel, na yi jira iri-iri a rayuwata. Na gaji da shi. Ki yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba."

Daga baya ta ji ya auri wata bazawara daga Lodz, sun haifi ɗa. Ta ji daɗi dominsa, da gaske. Amma ta daina bi ta gaban shagon takalmin, ta riƙa zagayawa ta wani layi.

Ba da daɗewa ba iska ta juya wa littattafan zane. Masu wa'azi da likitoci da 'yan majalisa suka ce su ne ke lalata yara. A wasu garuruwa aka tara su a filin makaranta aka cinna musu wuta. Maƙwabciya ta nuna wa Mama hoton a jarida, Mama ta kalli tulin littattafan da hayaƙin, ta tashi ta shiga ɗaki. Kamfanin su Mista Hale ya rufe. Ginshiƙi ya tsaya a tsakiyar labari, ya tare wata madatsar ruwa da kafaɗa, ba a sake jin yadda ya ƙare ba. Ba a yi wa Mirel sallama ba, don a takarda ba ta taɓa aiki a wurin ba.

Ta sami aiki a wani kamfanin katin gaisuwa. Shekara da shekaru tana zana bishiyar Kirsimeti da mala'iku masu jan kumatu da jaririn Kirsimeti a cikin komin dabbobi tun cikin zafin Yuli. Mama takan leƙa ta ce, "Wannan jaririn ma maraya ne?" Mirel ta ce a'a, wannan yana da uwa, sananniya ma.

Mama ta rasu a gadonta, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar. Unguwar ta riga ta watse. Mahauci ya koma Long Island, majami'ar Yahudawa ta layinsu ta zama wurin ajiye katifu. Mirel ta zauna ita kaɗai a gidan har silin ya fara zuba, sannan ta koma wani ƙaramin ɗaki a Brighton Beach, kusa da teku. Ba ta da miji, ba ɗa, ba ɗan'uwa. Matan gidan suna gaishe ta, amma hirarsu ta jikoki ce, ita kuma ba ta da abin sakawa. Ran Juma'a da yamma takan kunna kyandir, ta dafa miyar kaza da za ta kai ta Talata, ta ci a tsaye a gaban taga.

Tana gab da shekara sittin wani mutum ya danna mata ƙararrawa. Gajere ne, mai sanƙo, yana haki saboda matakala, da jaka a hammata. Ya ce sunansa Dokta Melvin Rosoff, likitan haƙori ne daga Queens, kuma tun yana yaro yake tara littattafan Ginshiƙi. Ya daɗe yana neman Sam Turner. Wani tsohon mai rubutun ofishin ne ya ce masa ya nemi wata Tarnopol.

"Sam Turner ya mutu a Italiya," ta ce.

"Madam, ba zai yiwu ba. Mafi kyawun aikinsa bayan yaƙi ya yi shi."

Ta dube shi. Sannan ta matsa ta ba shi hanya, ta ɗora shayi.

Da ya gane, sai fuskarsa ta yi ja har sanƙon. Ya buɗe jakar ya fito da littattafan, kowanne a cikin leda, ya shimfiɗa su a kan teburin kamar kayan majami'a. Ya ce shi yaro ne mai ƙiba da ake duka a hanyar makaranta saboda sunansa, kuma a ƙarƙashin bargo yake karanta su. Ya ce tun a lokacin yana ji a jikinsa cewa mutumin nan nasu ne. Yana da hujjoji: mai ƙarfin nan na Littafi Mai Tsarki da ya riƙe ginshiƙan haikali, da tatsuniyar mutumin yumɓu da ke tsare unguwar Yahudawa, da maganar suna biyu. Ya ce ba Ginshiƙi kaɗai ba, kusan duk jaruman nan 'ya'yan teloli ne suka haife su. Mirel ta saurara. Wasu abubuwan ba ta taɓa tunaninsu ba, kuma ba ta san ko Zalman ya yi ba. Bayan ya tafi ta kwana biyu tana juya maganar.

Shi ya matsa mata ta je taron masoya littattafan zane da ake yi a wani otal a Manhattan. Ta ɗinka sabuwar riga. Wurin cike yake da hayaniya, manyan mutane da gemu sun yafa alkyabba suna yawo. Aka zaunar da ita a kan dandamali tare da wasu tsofaffi uku da ta sani tun suna samari a ofis. Ɗayansu ya riƙe hannunta ya ce, "Mirel, ai duk mun sani." Ta ce, "Na san kun sani." Mista Hale ya daɗe da rasuwa.

Dokta Rosoff ya gabatar da ita. Can wata mata daga cikin masu sauraro ta tashi ta tambaya ko Ginshiƙi Bayahude ne.

Mirel ta jawo makirfon kusa. "Yayana ya ce Ba'amurke ne. Shi ya haife shi, ba ni ba. Ni abin da na sani, mutum ne da ba ya son a san gidansu, yana amsa sunan da ba nasa ba, kuma kullum a tsorace yake kada rufi ya faɗo wa mutane. A unguwarmu irinsa sun yi yawa."

Aka yi tafi, ta ji kunya ta sunkuyar da kai. Bayan an tashi aka kai ta wani tebur a gefe. Layin mutane ya miƙe a gaban matasan masu zana sababbin jarumai. Nata teburin mutum kaɗan ne suka zo, yawancinsu sa'o'in Dokta Rosoff, suka yi mata godiya cikin ladabi suka wuce. Kafin la'asar ta gaji. Ta ce masa kada ya damu da raka ta, ta san hanya. A cikin jirgi ta zauna da furen da aka ba ta a cinya, ba wanda ya dube ta, ita ma ta ji sauƙin hakan.

Dokta Rosoff ya ci gaba da zuwa, Lahadi ɗaya a wata. Yakan kawo kifi mai hayaƙi da burodi, ya duba mata haƙora a kan kujerar kicin tana ƙorafi. Ya koma kiranta Anti Mirel. Ya rubuta labarinta a wata ƙaramar mujallar masu tara littattafai. Ta nuna masa komai sai shafukan sansanin. Ya san akwai su, don tsohon mai rubutun ya gaya masa, ya tambaya sau ɗaya, ta ce ba na nunawa ba ne, bai sake ba. Bayan wasu shekaru zuciyarsa ta fara ba shi matsala, matarsa ta ce sai Florida. Ya zo sallama yana share ido. Daga nan sai waya a lokacin bukukuwa.

"Anti Mirel, kina fita kuwa?"

"Kullum. Ba ni da lokacin kaina."

Ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya. A shekarun nan Yahudawan Rasha sun fara cika Brighton Beach, kuma tsofaffin matansu suna zama a bencin bakin teku cikin manyan kwat, suna hira da Yidish irin na Mama. Mirel takan zauna a ƙarshen benci da ɗan allonta tana zana su. Ba su san Ginshiƙi ba, ba su taɓa jin sunansa ba. A wurinsu ita ce Ba'amurkiyar nan mai fensir. Wata mai haƙorin zinariya, Raisa daga Odessa, takan leƙa ta ce, "Kin tsufar da ni, 'yar'uwa. Rage mini haɓa ɗaya." Mirel ta rage mata. Wani lokaci Raisa ta kawo mata 'ya'yan kabewa soyayye a aljihu, su ɓare tare suna kallon ruwa. Ba su taɓa shiga ɗakin juna ba.

Raisa ce ta lura da cewa kwana biyu ba a ga mai fensir ba, ta sa mai kula da gidan ya buɗe ƙofa. Suka same ta a kujera, da tabarau a fuska, rediyo na magana.

Dokta Rosoff ya hawo jirgi daga Florida. A maƙabarta ya tarar da malamin majami'a, da mai kula da gida, da tsofaffin matan benci. Addu'ar mamaci ba ta yiwuwa sai da maza goma, ga shi ba su kai ba. Ya nemi waya a ofishin maƙabartar ya kira wani shagon littattafan zane da ya sani a Brooklyn. Aka jira cikin sanyi. Can sai ga su a wata tsohuwar mota, mai shagon da abokan cinikinsa, wasu da rigar aiki, yawancinsu rabonsu da majami'a tun suna 'yan shekara goma sha uku. Malamin ya raba musu huluna daga aljihunsa. Dokta Rosoff ya ja addu'ar yana tuntuɓe a kan kalmomin, su kuma suna amsawa a inda suka tuna. Da aka gama kowa ya zuba ƙasa da shebur, matan suka koma bakin teku a motar haya, shi kuma ya wuce filin jirgi don matarsa ba ta son kwana ita kaɗai.